Inda Iskar Tanda Ke Fita

Ƙarfe huɗu saura nake buɗe shago
a titin Ontario, nan Montreal,
kuma shekara biyu ke nan sai na tsallake ƙafar Rejean
kafin hannuna ya kai ga kwaɗo.
Ya san inda iskar tanda ke fita.
Nan ya shimfiɗa kwalinsa,
karyarsa Noisette bisa ƙirjinsa, bargo mai numfashi.

Sau nawa motar masauki ta zo masa? Na daina ƙirga.
Yarinyar da ke tuƙi, Maude, har gwiwa take kafawa a ƙanƙara:
akwai gado, akwai romo mai zafi, taso mu je.
Ya ce, da karyata?
Ta yi shiru.
Ya ce, to ku gaida gadon.

Ni ya faɗa wa sauran, wata asuba, yana hura shayi.
Mutum sittin a ɗaki guda, fitila ba ta mutuwa,
wani na tari, wani na faɗa da matattunsa,
an zare masa takalmi daga ƙafa yana barci.
Bakwai na safe a kaɗa ka waje,
da yamma ka dawo ka bi layi.
Ya ce, Ghislaine, na yi shekara uku
a inda ake kulle ƙofa ta waje.
Ƙarar makulli har yau tana cikin haƙorana.

Ran Talata maƙwabcina mai kantin magani
ya kawo takarda: a hana kwanan bakin titi
ga duk wanda aka ba gado ya ƙi.
Fernand ba mugu ba ne.
Shi ya tsinci wata mata bara a bayan coci,
sanyi ya mai da ita itace,
gashin idonta fari fat.
Ya ce, wannan kike kira 'yanci?
Wanda ya ga mutum zai faɗa rijiya
ba ya tsayawa neman izininsa.

Na riƙe biro.
Na tuna allurar da jikata ta kusa takawa,
da zarnin da nake kora da tafasasshen ruwa,
da masu sayen da ke hango kwali su sake hanya.

Sai kuma na tuna uwata a gidan tsofaffi.
Gado tsaf, abinci a kan kari,
kullum tana kama hannun rigata:
mai da ni gida,
gidan nan da rufinsa ke yoyo.
Ban mai da ita ba. Don lafiyarta ne, in ji mu.
Cikin ɗumi ta rasu, fuskarta na kallon bango.

Barci bashi ne, jiki ke bin sa,
ba ya duban allon doka.
In an tashe shi a nan, ina ƙasar da ba ta kowa ba?
A ci shi tara? Ya biya da kwali?
To amma in an bar shi,
daren da sanyi ya kai talatin ƙasa da sifili,
wa zai ɗaga bargon da safe ya duba?
Ni ce.

Takardar na nan ƙarƙashin ma'auni.
Fulawa ta rufe layin da sunana zai hau.
Fernand zai dawo ran Juma'a.

Jiya rediyo ta ce kada kowa ya kwana waje.
Na bar ƙofar ɗakin ajiya a buɗe,
na tokare ta da buhu,
ban ce masa uffan ba.

Da asuba na same shi a wurinsa,
ƙanƙara a gemu, tururi na fita a hanci.
Karyar kuwa tana ciki, kan buhunan fulawa,
lulluɓe da gyalen wuyansa.

Na tsaya, makulli a hannu.
Ya buɗe ido ɗaya:
burodin bai gasu ba?